Ciyawar Turai da Ciyawar Gida

Duk wanda ya ga hoton filin wasa na Ingila, kore shar kamar an shimfiɗa darduma, sai ya yi sha'awar irinsa a ƙofar gidansa ko a filin makaranta. To, kafin a ɓata kuɗi wajen sayen iri, bari mu san halin wannan ciyawa.

Turawa suna kiranta ryegrass. Ita kaɗai ake shukawa a filayen tanis na Wimbledon a London tun shekarar 2001, ana kuwa aske ta har tsawonta ya koma milimita 8. Ganyenta siriri ne mai ƙyalli, tana tsira cikin mako guda. Amma 'yar sanyi ce. Ta fi jin daɗi in zafi yana tsakanin digiri 15 da 24. A Ɗambatta ko Bichi kuwa, zafin watan Afrilu yakan kai 40. Manomi zai gane wannan nan da nan, gama halinta ɗaya da alkama, wadda ba a shuka ta sai da hunturu, da ban ruwa. Mai rijiya yana iya samun korenta daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara ta kama, sai ta ƙone ƙurmus.

Abin da ya dace da ƙasarmu yana nan bakin hanya muna taka shi kullum, wato kiri-kiri. Ita 'yar'uwar gero ce wajen son rana. Tana yaɗo a bisa, tana kuma tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yara suka tattake ta da ƙwallo sai ta sāke tohowa. A ƙasashe masu zafi ita ake shimfiɗawa a manyan filayen wasa da yawa, mu kuwa muna kiranta ciyawar banza.

Ba sai an nemi iri ba. In damina ta zauna, a kaftu wurin, a zuba ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin awaki yakan zo da 'ya'yan ƙarangiya da tsidau, mai ɗanyen taki kuwa shi zai yi ta cirar ƙaya har kaka. A yanko yaɗon kiri-kiri guntu-guntu, a dasa taki ɗaya tsakani, a danne da ƙafa. A shinge da ƙaya saboda awaki har ta rufe ƙasa. Kada a wahala a gindin darbejiya ko mangwaro, ba ta son inuwa ko kaɗan.

Wajen yanka fa ake yi mata laifi. 'Yan makaranta sukan sa langa-langa su kwashe ta har ƙasa don su huta. A riƙa rage kashi ɗaya cikin uku kawai na tsawonta, a yi ta yi a kai a kai.

Da rani za ta yi fari kamar ta mutu. Barci take yi, ruwan farko zai tashe ta. Mai ikon ban ruwa ya jiƙa ta sosai sau ɗaya a mako, ya fi yayyafi kowace safiya.

Saura magana guda. A nan gona tana manne da gida, ba saura, kiri-kiri kuwa in ta shiga gero fitar da ita aiki ne ja. A haƙa ɗan rami kewaye da filin, a riƙa sare duk yaɗon da ya ƙetare, tun bai kai gonar maƙwabci ba.