Zafin Bazara Da Kwamfutar Da Aka Ƙara Wa Gudu

Tun da Gwamnatin Jihar Jigawa ta kafa cibiyar koyon aikin kwamfuta a Kazaure cikin shekarar 2001, ga kuma Kwalejin Hussaini Adamu a garin, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Ɓaɓura a 2021, ba abin mamaki ba ne a iske ɗalibi a wannan yanki yana ƙoƙarin ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfutarsa gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara. Dabarar ba laifi ba ce, amma tana da sharaɗin da mutanenmu kan manta.

Ƙarin gudu yakan bukaci ƙarin ƙarfin wuta, zafi kuwa ba daidai da wutar yake hawa ba, ya fi ta sauri. In aka ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 cikin 100, zafin da ƙwaƙwalwar ke fitarwa zai ƙaru da wajen kashi 21, tun ba a lissafa na gudun kansa ba. Da yawa daga ƙwaƙwalen kamfanin Intel iyakarsu digiri 100 ce, na Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuwa digiri 95. Da zarar an kai nan, sai na'urar ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace, wato an yi wahalar banza ke nan.

To, ga inda gizo ke saƙar. Alkalumman da ɗalibi ke gani a intanet, galibi a Turai ko Amurka aka auna su, cikin ɗaki mai sanyin digiri 22 ko kusa da haka. Fankar kwamfuta ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take turawa. Saboda haka saitin da ya tsaya a digiri 78 a can, a ɗakin Kazaure da azahar ɗin watan Afrilu, sa'ad da zafi ke kai digiri 40, zai doshi 96. Haka nan wanda ya gwada tasa da daren hunturu a Roni ko Gwiwa ya ga lafiya lau, kada ya yi saurin murna, bazara na nan tafe. Ƙurar hunturun ma takan toshe ƙarfen da ke zuƙe zafi, sai an busa ta kafin a soma.

Gwajin juriya shi ne a ɗora wa ƙwaƙwalwar aiki mafi nauyi a ga ko za ta jure. Manhajar da ta yi suna a nan ita ce Prime95, wadda George Woltman ya rubuta a 1996 domin farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1. Amfaninta shi ne tana gwada amsar da na'ura ta bayar da amsar da aka riga aka sani, in an sami saɓani sai ta tsaya ta faɗa. A buɗe HWiNFO ko Core Temp a gefe, a rubuta zafin kafin a fara, a zuba ido minti goma na farko. In ya haura digiri 90 a dakata, a rage. In ya tsaya, a bar shi awoyi, da rana tsaka, kuma bisa wutar da ba za ta ɗauke ba, don kada a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin janareta.

Kwamfutar da ta mutu nan take ta yi wa mai ita adalci. Abin tsoro shi ne wadda ke ci gaba da aiki tana kuskuren lissafi ba tare da ta nuna ba. A ganinmu, ma'aikacin da ke tsara takardar albashi ko sakamakon jarrabawa ba shi da dalilin taɓa gudun kwamfutar ofis ko kaɗan. Ko su maƙeran ba su tsira ba: a 2024 kamfanin Intel ya yarda cewa wutar da ta wuce kima ce ke sa wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 tangarɗa, har ya ƙara musu garanti na shekara biyu.