Baƙin Sihiri: Nazarin Alamar Sirri a Wani Wasan Canki-Canka na Turawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani wasan canki-canka da ake yi a tarukan nishaɗi a Ingila da Amurka, wanda ya ginu a kan alamar sirri tsakanin mutum biyu. Ta nuna cewa ƙarfin wasan ya ta'allaƙa ne a kan rashin sanin 'yan kallo cewa ana aika saƙo a gabansu.

1.0 Gabatarwa

Sunan wasan a Turanci yana nufin "baƙin sihiri". Ba ya buƙatar kayan aiki, illa ɗaki da jama'a da mutum biyu waɗanda suka haɗa baki tun kafin a taru. Ɗaya zai yi iƙirarin yana karanta zukatan mutane, ɗayan kuwa zai zama mai yi masa tambaya. Aikin sauran jama'a shi ne su gano dabarar.

2.0 Yadda Ake Wasan

Mai canka zai fita waje. Jama'a za su zaɓi wani abu a ɗakin, misali agogon bango. Idan ya dawo, sai abokinsa ya riƙa nuna abubuwa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: "Wannan kofin ne?" Ya ce a'a. "Wannan matashin ne?" Ya ce a'a. "Wannan takalmin ne?" Ya ce a'a. "Agogon nan ne?" Sai ya ce, "Shi ne!" Sirrin yana jikin takalmin, domin baƙi ne. Yarjejeniyarsu ita ce, duk abin da aka nuna bayan baƙin abu shi aka zaɓa. Abin lura, amsar tana cikin sunan wasan, amma 'yan kallo sukan tafi neman ta a muryar mai tambaya, ko ƙiftawar idonsa, ko yawan tambayoyinsa.

Akwai wani nau'in da ake yi da littattafai tara, a jera su uku-uku a ƙasa. Da tambayar farko ake isar da saƙon. Idan mai tambaya ya taɓa tsakiyar bangon littafin farko, to na tsakiya aka zaɓa. Idan ya taɓa kusurwar sama ta dama, to wanda ke wannan kusurwa ne. Bangon littafi guda ya zama taswirar jerin baki ɗaya.

3.0 Daɗewar Dabarar

Dabarar ta daɗe a hannun masu wasan rufa-ido. A shekarar 1846, a birnin Faris, Robert-Houdin ya riƙa ɗaure wa ɗansa Emile ido, ya karɓi kaya daga hannun 'yan kallo, yaron kuma ya faɗi ko mene ne. Masu irin wannan sana'a sukan cusa amsa cikin kalmomin tambayar da kanta, ta yadda "Mene ne wannan?" da "Faɗa mini, mene ne wannan?" za su nuna abubuwa biyu mabambanta. Wasan baƙin sihiri sauƙaƙƙen samfurinta ne, wanda yaro zai iya koya nan take.

4.0 Kwatanci da Zaurance

Bahaushe ma yana da hanyar ɓoye magana a wasa, wato zaurance, inda ake ƙara gaɓa a kalma ko a juya gaɓoɓinta, kamar "gida" ya koma "dagi". Sai dai akwai bambanci muhimmi. Wanda ya ji ana zaurance ya san ana ɓoye masa magana, ma'anarta ce kawai ta shige masa duhu. A baƙin sihiri kuwa, kowace jimla a fili take, kowa ya fahimce ta. Saƙon yana cikin jerin tambayoyin ne, wato abin da ya gabaci wani. Wannan ya yi daidai da abin da masana kimiyyar harshe suka tabbatar tun daga Ferdinand de Saussure, cewa dangantakar alama da ma'anarta yarjejeniya ce. Baƙin launi ba shi da wata alaƙa da agogo. Da 'yan wasan sun amince da ja ko fari, da aikin bai canza ba, kuma haka suke yi idan aka fara gano su.

5.0 Kammalawa

Amfanin wasan ya wuce raha. Yana koya wa mai kallo ya gwada zatonsa: ya nemi a sake wasan ba tare da an nuna baƙin abu ba, ko a sauya mai tambaya, ya ga ko cankar za ta ci gaba da yin daidai. Da irin wannan haɗin baki ne wasu 'yan damfara ke nuna wa mutum sun san sirrinsa, alhali abokin cin mushensu ne ya tsegunta musu. Wanda ya taɓa gano sirrin baƙin takalmi, idan ya ga mai da'awar sanin gaibu, zai fara da tambayar ko wane ne abokinsa a cikin taron.