Matameye: Abin Da Mai Ƙera Motar Langa-langa Zai Duba Kafin Ya Sayi Alƙalamin Feshi

Duk wanda ya tashi a Matameye, ko Kance, ko ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya a ce bai taɓa jan motar kara ko ta langa-langa ba a lokacin ƙuruciya. Garin yana bakin hanyar da ta taso daga Takeita ta bi ta Ɗan Barto zuwa Kwangwalam da Daura, saboda haka yaro ba ya rasa abin kwaikwayo: ga tirela, ga tankar mai, ga motar 'yan kasuwa da ta sha buhuna har ta karkace. Gwangwanin madara ya zama jikin mota, tsohon silifa ya zama taya, waya ta zama sitiyari.

Mafi yawa sukan bari da zarar sun yi wayo, to amma akwai waɗanda abin ke bi har girma, su riƙa ƙera mota ko jirgin sama da ba a ja a ƙasa, sai dai a ajiye a falo don ado. Irin waɗannan matasa wuri guda suke cijewa, wato wajen fenti. Buroshi yana barin sawu, fentin gwangwani da ake fesawa kuma yakan zubo da yawa ya binne ƙofa da fitila da aka ɓata kwanaki ana yi. Bindigar feshin masu fentin mota kuwa ta fi ƙarfin abin da bai wuce tafin hannu ba. A nan ne ake buƙatar alƙalamin feshi, wanda sunansa da Ingilishi eyaburosh, da Faransanci ayerogaraf.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Abner Peeler ya haɗa irinta a 1879, kuma masu gyaran hoto ne suka fara cin moriyarta. Kamfanin Paasche da aka kafa a Chicago a 1904 har yanzu yana ƙera ta. Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san tsohon famfon fesa maganin sauro: iska ce ke wucewa da gudu ta bakin wata 'yar ƙofa, ta jawo fenti ta tarwatsa shi kamar hazo. A cikin ƙofar akwai doguwar allura, idan ta ja baya fenti ya fito, idan ta dawo ta toshe.

Mu kanmu mun taɓa faɗawa tarkon da muke jiye wa mai karatu. Mun sayi wani mai ƙyalli a cikin akwati mai kyau, muka zaɓi mafi sirantar allura don muna ganin ita ce ta gwanaye, ba mu tambayi ko akwai wata idan ta lalace ba. Kwana uku ya yi yana aiki. Ranar ta huɗu ya suɓuce ya faɗi, tsinin allurar ya lanƙwashe, shi ke nan ya koma kayan kallo.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata matashi ya yi wa kansa ita ce, ina zai samu iska? Alƙalamin yana son iska mai ƙarfin bar 1 zuwa 2, wato ƙasa kaɗan da abin da ake dura wa tayar ƙaramar mota, kuma yana son ta zo bai ɗaya ba tare da yankewa ba. Ƙaramin kwamfaresa mai tanki shi ya fi dacewa, domin tankin yana tara iska, injin ya samu hutu. Sai dai sau da yawa kuɗinsa ya fi na alƙalamin, kuma yana son wuta. Mutanen jihar Damagaram ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a dawo da ita ba sai a Maris na 2024. Akwai ƙananan injuna 'yan China masu batir da ake yi wa caji kamar wayar salula, waɗanda ko ƙaramin faifan sola zai ɗauka. Iskarsu ba ta da ƙarfi sosai, amma ta ishi mai koyo idan ya tsinka fentinsa da kyau.

Akwai kuma tsohuwar dabara da masu wannan aiki a ƙasashen Turai suka yi amfani da ita kafin injuna su yi araha, wato a kai tayar safiya wurin mai faci ya cika ta, a jona mata tiyo. Tana aiki, amma ƙarfin iskar yana raguwa ana cikin feshi, don haka sai an sa mata abin daidaita iska a bakin tiyon.

Bayan iska sai allura. Ana auna faɗin ƙofar da milimita, kuma waɗanda aka fi samu su ne 0.2 da 0.3 da 0.5. A ganinmu mai farawa a Matameye ya bar 0.2 a inda ya gan ta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fentin ruwa yakan bushe a kan tsinin allura kafin ma ya fita, kuma siririyar ƙofa ita ke fara toshewa. Mai 0.3 ko 0.5 ta fi haƙuri, kuma ta isa ta rufe jikin tirela mai tsawon kamu guda cikin 'yan mintoci. A kuma nemi mai ƙoƙon fenti a sama, ba mai kwalba a ƙasa ba, domin fentin da kansa yake gangarowa, ba ya buƙatar iska mai ƙarfi, ɗigo kaɗan ya isa aiki, ga sauƙin wanki.

Game da kunama, wato abin da ake dannawa da ɗan yatsa, iri biyu ce. Akwai wadda dannawa kawai ake yi, iska da fenti su fito tare. Akwai wadda idan an danna iska ce kaɗai ke fita, sai an ja ta baya fenti zai biyo, gwargwadon jan gwargwadon yawansa. Ta biyun takan ba da wahala a makon farko, to amma ita ce ke ba mutum damar jan siririn layi ko yin inuwar ƙura a ƙasan mota, kuma wanda ya sayi ta farkon yakan koma neman ta biyun kafin shekara.

To wane kamfani? Iwata na Japan, Harder & Steenbeck na Jamus, da Badger na Amurka duk sunaye ne da aka yarda da su. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, ba mu musa ba, sai dai nagarin da allurarsa sai an yi odarta daga Turai bai cika amfanar mutumin Matameye ba. Ko Kano da ke kusa ba kullum ake isa gare ta ba, domin an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023. Shawararmu ita ce, ko a kasuwar Dole ta Damagaram ko a Sabon Gari ta Kano mutum ya ci karo da shi, kada ya biya sai an haɗa masa da allura da ƙofa na safiya. Ƙofar ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma ɗaurewa da ƙarfi kaɗai kan tsaga ta.

Fentin bango ba ya shiga wannan na'ura. Kowane fenti kuma sai an tsinka shi ya koma kamar madara, a tace da ƙyalle mai laushi. Langa-langa yana son a goge shi da sanfefa, a cire maiƙo, a fesa fentin share fage, in ba haka ba ƙumba ma ta isa ta ɓare aikin. Mai amfani da fentin mota ya tabbatar robobin da ke cikin alƙalaminsa suna jure tina, domin na masu araha kan narke. Sannan kada ya yi feshi a rufaffen ɗaki, ballantana inda yara ke kwana. Rawani ko ƙyallen rufe hanci yana tare ƙura, amma ba ya tare tururin tina, sai takunkumi mai gawayi.

Lokacin hunturu, idan ƙura ta sauko, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi feshi cikin babban kwali da sassafe, a kife wani kwalin a kan aikin har ya bushe. Da damina kuma laima kan taru a cikin tiyo ta tofa ruwa a kan fenti, sai a sa matarin ruwa a bakin injin. Kafin a kusanci motar da aka yi wata guda ana ƙerawa, a zuba tawada da ruwa a ƙoƙon, a yi mako guda ana jan layi da ɗigo a bayan kwalin taliya.