Me ake saya idan an sayi tsohon keken ɗinki?

Tun 1980 aka rufe masana'antar Singer ta Clydebank, kusa da Glasgow a Birtaniya, amma har gobe kekunanta suna cin kasuwa. Daga 1884 zuwa 1943 kaɗai, wajen keken ɗinki miliyan 36 ne suka fito daga wannan gida. Abin da aka ƙera da irin wannan yawa ba zai yi wuyar samu ba, don haka mai zuba kuɗi a kan baƙin keke mai zanen ruwan zinare ba wata dukiya yake farauta ba. Yawanci uwarsa yake nema, ko kakarsa.

A Amurka da Ingila abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Tsohuwa ta rasu, magada su yi gwanjon kayan gida, bayan shekaru jikar da ta yi wasa a gindin keken ta shiga neman irinsa. Wanda aka fi rububi a kansa shi ne Featherweight 221, ɗan ƙarami mai nauyin kilo biyar, wanda aka fara nunawa a baje kolin Chicago a 1933. Har ƙungiya masu tarawa suke da ita, ISMACS, wadda ke ajiye jerin lambobin da kamfanin ya buga.

Mu ma mun san wannan ƙishirwa, ko da ba mu sa mata suna ba. Keke a ɗakin matar aure jari ne da ba ya buƙatar ta taka ƙofar gida: rigar yara, facin wando, zanin maƙwabciya, kuɗin cefane. Wanda ya tashi a irin wannan gida bai manta ƙarar keke a goman ƙarshe na azumi ba, ana taka shi har sahur don kayan Sallah su fito, ga ƙanshin man keke, ga aljihun teburin cike da maɓallai da guntun alli da allurar da ta karye ba a yar ba. Sai rabon gado ya zo, ko wata matsuwa, keke ya tafi hannun dillaliya. Wani ma 'yan gwangwan ne suka auna shi a kilo.

Sai dai a sani, ba kowane baƙin keke ne Singer ba. Samfurin Singer mai lamba 15 ya yi farin jinin da masana'antun Japan suka kwaikwaye shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Butterfly ta Shanghai ma a kan zubinsa take, kuma ita ce ta cika ɗakunan iyayenmu da shagunan telolin Fagge. Wanda Butterfly uwarsa ta taka, Butterfly ya kamata ya nema. Singer na 1925 ya fi ta asali, amma ba shi ne ya ɗinka masa rigar makaranta ba.

Idan kuwa Singer ɗin ake so, a duba gadon keken ta gefen dama. Akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen, sau da yawa da harafi ɗaya ko biyu a farkonta, ita za ta faɗi shekara da masana'anta. Harafin K a bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K, yana nufin Kilbowie, wato Clydebank. Daga nan a juya wilin da hannu a saurara, a zura zare, a ɗinka ƙyalle ninki huɗu, a juya shi a ga bayan ɗinkin.

Dillali zai ce maka irinsa ya ƙare a duniya, amma irin wannan zuzutawa ba sabuwa ba ce. A 2009 an yi ta yaɗawa a Saudiyya cewa akwai wani jan sinadarin makuri a cikin tsofaffin kekunan Singer, har farashi ya kai riyal 200,000, mutane na kara wayar hannu a jikin allura wai su gwada. Babu komai ciki sai ƙarfe.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu saya su cire kan keken, su mai da ƙafafun teburin shan shayi, ko su kafe shi a falo ƙura na hawa. Keke zama ke kashe shi, mai ya daskare, tsatsa ta kama. Allurarsa da bobin har yau ana sayarwa a kasuwa, ba ya neman wutar lantarki, kuma makanikin keke bai ƙare a garuruwanmu ba. Kada a wanke zanen ruwan zinaren da sabulu, a shafe shi da man keke da tattausan ƙyalle. Man gyaɗa kuwa kada ya kusance shi. Wanda ya saya don tunawa da mahaifiyarsa, ya sa masa sabon bel, ya zaunar da 'yarsa ko ɗansa a kai su koyi takawa.