Dashen Ƙashi a Muƙamuƙi

Babban mutum yana da haƙora 32, kowanne kuwa saiwarsa tana kafe cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya lulluɓe. Wannan ƙashi rayayye ne, jini yana bi ta cikinsa, tauna ce kuma ke riƙe da ƙarfinsa. In haƙori ya fita, wurin ba ya samun aiki, sai ƙashin ya fara zaizayewa kamar katangar da aka daina yi wa yaɓe. Cikin shekara guda faɗinsa ya kan ragu har kusan rabi, yawancin raguwar kuwa a wata 3 na farko ne. Shi ya sa ku ke ganin kumatun tsoho mai wawulo sun faɗa, haɓarsa ta turo gaba.

To, in ƙashi ya zaizaye haka, haƙorin roba ba ya zama daram, sai ya yi ta kwance yana gurje dasashi. Akwai kuma wata kusa ta ƙarfen titaniyam da likita ke kafawa cikin ƙashi ya ɗora haƙori a kanta, an fara sa wa mutum ita a ƙasar Suwidin a 1965. Ita ma ba ta kafuwa sai da ƙashi mai kauri. A nan ne likitan haƙori ya kan ce sai an yi dashe.

Ga yadda a ke yi. Likita ya kan yi allurar kashe zafi, ya buɗe dasashi, ya cika ramin da ƙashi, ya rufe da wani siririn mayafi, sa'an nan ya ɗinke. Ƙashin nan, wani lokaci daga jikin mutumin a ke gutsurowa, daga haɓa ko ƙarshen muƙamuƙi. Wani lokaci kuma gari ne da a ke yi da ƙashin saniya wanda aka tsabtace sarai, ko wanda aka haɗa a masana'anta. Wanda ya ke da shakka a kan asalinsa, ya tambayi likita kafin a fara, hakkinsa ne.

Kada ku zaci ƙashin da aka zuba ya kan manne nan da nan. Shi madogara ne kawai, kamar karan da a ke kafa wa kabewa ta hau. Jijiyoyin jini su kan ratsa cikinsa a hankali, jiki ya riƙa gina nasa sabon ƙashi a kai. Wannan ya kan ci wata 4 zuwa 6, wani lokaci ya fi. Ba a yi masa gaggawa. A kwanakin farko sai kunu da fate-fate masu ɗumi, ban da goro, ban da rake, kada kuma a riƙa kai harshe ko yatsa wurin. Taba sigari babbar abokiyar gābar dashe ce, domin tana rage jinin da ke isa wurin. Mai ciwon sukari kuma sai an daidaita masa sukarin tukuna.

Akwai dashe babba, wanda ya wuce na haƙori ɗaya. Haɗarin babur ya kan farfasa muƙamuƙi, ƙari kuma ya kan cinye shi. Nan sai an kwantar da mutum an sa shi barci, a ɗebo ƙashi daga ƙugu, ko haƙarƙari, ko siririn ƙashin ƙwauri wanda ba shi ne ke ɗaukar nauyin jiki ba. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato, su ne ke da likitocin muƙamuƙi da fuska. Aiki ne mai tsada da wahala, gwargwadon jinkirinku, gwargwadon ƙashin da za a yanke.

Saboda haka, maigida, in ka ga kumburi mai tauri a muƙamuƙin wani naka, yana ta girma, haƙora suna girgiɗa, kada rashin zafi ya ruɗe ka. Irin wannan ƙari ya kan yi shekaru ba ya ciwo. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya. Haka kuma kada a bar mai cire haƙori na kasuwa ya sa awartaki a bakinku, ya kan ɓalle ƙashi tare da haƙorin, ya bar saiwa tana ruɓa.

Uwargida, ke kuma ki riƙa duba bakin yaranki, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 da suka rame ko suka tashi daga ƙyanda. Dasashi mai jini da wari, da kunci mai kumburi, su ne farkon cutar noma, wadda ke cin nama da ƙashi cikin 'yan kwanaki. Da wuri magani da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. A kai yaron asibiti mafi kusa a ranar, ko da dare ne. Wanda ta riga ta ɓata wa fuska, akwai asibitin noma a Sakkwato tun 1999, inda a ke yin aikin gyara kyauta.