Rariyar Sauti: Raba Murya da Hayaniya a Rediyo

Duk wanda ya saba kama tashoshin gajeren zango a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa ko Ƙunci ya san damina ba ta shiri da rediyo. Da zarar hadari ya haɗu, sai ƙarƙas-ƙarƙas ta cika akwatin, domin kowace walƙiya tana watsa nata igiyoyin lantarki masu tafiyar ɗaruruwan kilomita. Da rani kuma fulogin babura da na injinan ban-ruwa a kewayen madatsar Tomas su karɓa, ga inbatar sola da cajar waya.

Masu rediyon sha'awa, wato waɗanda ke da lasisin zantawa ta iska da takwarorinsu na wasu ƙasashe (lambar kiransu tana farawa da 5N a Nijeriya, 5U a Nijar), su suka fi shan wannan wahala, don sau da yawa muryar da suke nema daga ƙaramar na'ura mai wat 100 ta fito. Maganinsu shi ne matacin sauti, wanda ake haɗawa tsakanin rediyo da lasifika.

Kunnen matashi lafiyayye yana jin girgizar iska daga sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma akasarin abin da ake bukata don gane magana yana tsakanin 300 da 3,000. Matacin yakan bar wannan yanki ya wuce, ya tare sauran, tamkar rariya da tsaki. Na zamani, mai ƙwaƙwalwar lantarki, har yakan gane "shuuu" da ba ya sauyawa, ya rage shi, ya ƙyale murya mai hawa da sauka. Sai dai in aka matse shi da yawa, sautukan s da sh da ts, waɗanda ke can sama, su ne farkon ɓacewa, har a kasa bambance sara da shara da tsara.

Ɗalibai kuwa, da sun ji hayaniya, sai su ƙure ƙara. Wannan kuskure ne, domin murya da hayaniyar tare suke ƙaruwa, kunne kuma shi ke biyan bashin. Can cikinsa akwai wani sashe mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, kowane rukuni da girgizar da yake amsawa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, galibi ta fara da masu jin siririn sauti. A 1988 masana suka nuna cewa kaza tana sake tsirar da nata in sun lalace. Na ɗan'adam ba sa dawowa.