NAMAN DABBAR KIWO: YADDA AKE GANE SHI, DA AIKIN HAKIMI A KANSA

Hakimai da malamansu sun sani ba dukan naman da ake kasawa a kasuwa ne ɗaya ba. Abin da dabba ta ci, shi ke zama namanta. Saboda haka ya kamata mai mulkin jama'a ya san asalin abin da talakawansa ke ci.

Shanun ƙasarmu, watau Bunaji da Rahaji da Bokoloji, da tumaki irin su Balami da Uda, yawancinsu a daji suke kiwo. Da damina suna cin gamba da ƙyasuwa da harkiya. Da rani su koma ga karan dawa da harawa da 'ya'yan gawo da burgun fadama. Naman irin wannan dabba bai cika kitse ba, ga ɗanɗano. Masana sun tabbatar kitsensa ya fi na dabbar da aka ɗura wa hatsi yawan wani mai da ake kira omega-3, wanda ke da amfani ga jiki. Kiwon turke da harawa da dusa ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne dabbar da ke yawon juji cikin gari, gama sau da yawa in an fede ta akan tarar da tumbinta cike da leda.

Ga alamun da mai saye zai duba:

1. Lokaci. Dabbar daji ta fi ƙiba da kaka, ta fi ramewa da bazara.

2. Haƙori. Saniya takan fid da manyan haƙora 2 tana wajen shekara 2, su cika 8 tana kusan shekara 5. Naman ƙarama ya fi taushi.

3. Kitse. Na mai cin ɗanyar ciyawa yakan yi ruwan ɗorawa kaɗan. Amma in rawayar ta bi dukan jikin naman, shawara ce, kada a saya.

4. Hanta da huhu. In akwai tsutsa cikin hanta, ko ƙulli-ƙulli a huhu, sai a kira malamin dabbobi, domin tarin fuka na shanu yana kama mutum.

Har wa yau akwai wata ɓarna wadda ido ba ya gani. Waɗansu in dabbarsu ta kwanta sai su yi mata allura, in ba ta tashi ba su sallamar wa mahauci da araha. Maganin yana nan cikin naman, kuma cinsa yau da gobe yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kowace allura tana da kwanakin da za a jira kafin yanka, an rubuta su jikin kwalba. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci kuwa, kada a fede ta ko kaɗan. Alamar cutar saifa ke nan, wadda ta ɓulla kusa da Suleja a 2023.

To, mene ne aikin Hakimi? Da fari ya ja kunnen Sarkin Fawa kada a yi yanka sai a kwata, bayan an duba dabba tana tsaye da ƙafafunta. Na biyu, malamin Hakimi ya riƙa rubuta yawan abin da aka yanka, da kasuwar da aka sayo shi, ko Potiskum ce, ko Maigatari, ko Illela. Na uku, a tsare burtali da mashaya da makiyaya kada gonaki su cinye su. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma da yawa an nome su. In babu makiyaya, babu naman kiwo, sai rikici tsakanin manomi da Bafillace. Na huɗu, a ƙarfafa wa jama'a yin watanda, su sayi dabba daga hannun makiyayin da suka sani.

Araha ba ta ado. Muna fata Hakimai za su sa a karanta wa dagatai da arɗo-arɗo wannan takarda ranar kasuwa. Allah ya taimake ku, amin.